Tsakanin itace da marayu, jinƙai yana wajen wa?

Bitrus_KofarKaura

Salama gare ku, iyayena da 'yan'uwana. Akwai tambayar da ta tsaya mini a rai tun ranar Lahadi. A cikin wa'azi Fada ya ce wanda ya dasa itace ya raine shi, ko ya yashe magudanar ruwan da leda ta toshe, ya yi aikin jinƙai kamar wanda ya ciyar da mayunwaci. Ni kuwa abin da aka koya mana tun muna yara shi ne ayyukan jinƙai na jiki guda bakwai ne: ciyar da mai yunwa, shayar da mai ƙishi, tufatar da marar sutura, saukar da baƙo, duba marar lafiya, ziyartar ɗan kurkuku, da binne mamaci. Ban ga itace a cikinsu ba. Abin da ya fi damuna shi ne maƙwabciyata, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar, kuma ba ta da wata sana'a sai sayar da gawayi da take ƙullawa a leda a ƙofar gida. Idan sare itace zalunci ne ga halittar Allah, to jinƙai yana wajen wa, itacen ko marayun?

Baba_Katikis

Ɗana Bitrus, lissafinka daidai ne, kuma ba a soke ko ɗaya daga cikin bakwai ɗin ba. Shida daga cikinsu sun fito ne daga Matiyu sura 25, inda Ubangiji ya ce abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa shi aka yi wa, na bakwai kuma, wato binne mamaci, daga littafin Tobit aka ɗauko shi. Amma Fada bai ƙirƙiro maganarsa ba. Paparoma Francis ya keɓe Shekarar Jinƙai daga 8 ga Disamba 2015 zuwa 20 ga Nuwamba 2016, kuma a cikin wannan shekara, ranar 1 ga Satumba 2016, ya fitar da saƙo inda ya ba da shawarar a ƙara kula da duniya, gidan da ya haɗa mu duka, a kan ayyukan jinƙai na jiki da na ruhu.

Dalilinsa ba mai wuyar ganewa ba ne ga mutumin ƙasar nan. Ka ce mu shayar da mai ƙishi. To da wane ruwa, idan rijiyar ƙauyen ta ƙafe tun watan Fabrairu? Ka ce mu ciyar da mai yunwa. Da wane gero, idan iska ta kwashe ƙasar gonar ta bar yashi? Wanda ya tsare rijiya ya shayar da mutanen da bai taɓa gani ba, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna.

Maman_Rifkatu

Baba Katikis, na gode da bayani, amma ba ka amsa masa maganar matar nan ba, kuma ni ita ce ta fi shafata. Shekaru da yawa da gas nake girki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, komai ya tashi, naira ta faɗi, tukunyar gas ɗina tana nan a lungun kicin na rufe ta da tsohon zani, na koma gawayi kamar kowa a layinmu. Ba don ina ƙin itace ba ne, tuwon yara ne ba ya jira. Idan an ce sayen gawayi laifi ne, to rabin matan Zumunta, ƙungiyar matan majami'armu, masu laifi ne, ni ce kuma ta farko.

Istifanus_Lauya

Mama, babu wanda ya isa ya ɗora miki laifi, kuma koyarwar Ikkilisiya ba ta ɗora ba. A ganina inda muke kuskure shi ne muna ɗaukar jinƙai a matsayin sadaka kawai, wato abin da mai hali yake bayarwa idan ya ga dama. Ikkilisiyar Katolika ta daɗe tana cewa adalci ne ke zuwa da fari. Majalisar Vatican ta Biyu, a takardarta kan aikin 'yan Ikkilisiya waɗanda ba limamai ba, ta yi gargaɗi kada a miƙa wa mutum abin da yake haƙƙinsa a ce kyauta aka yi masa. Tun kafin nan Paparoma Gregory Mai Girma ya koyar cewa idan muka biya wa mabukaci bukatarsa, nasa muka mayar masa, bashi muka biya. Paparoma Leo na 13 kuma ya rubuta wasiƙar Rerum Novarum a 1891 a kan haƙƙin ma'aikata da albashin da zai iya riƙe iyali, kuma Paparoma na yanzu, Leo na 14, da kansa ya ce wannan yana cikin dalilan da suka sa ya zaɓi sunan.

Saboda haka tambayar da ta dace a kan maƙwabciyar Bitrus ba ita ce ko za a hana ta sayar da gawayi ba. Tambayar ita ce wa ya ci haƙƙinta har ta rasa wata hanya. Idan mijinta ma'aikaci ne, an biya ta haƙƙinsa? Idan manomi ne, gonar tana hannunta ko dangi sun karɓe? Na sha ganin wanda zai riƙe kuɗin 'yan ƙwadagon da suka yi masa noma har mako uku, sa'an nan ranar bikin godiya ya kawo buhun masara gaban bagade ana tafa masa. Yakubu 5:4 ya yi magana a kan irin wannan mutum, kuma ba yabonsa ya yi ba.

DanBatsari

Da girmamawa ga manya, ni wannan magana ta muhalli tana yi mini kama da kayan da aka ɗinka wa wasu aka kawo mana gwanjo. Mu da muka baro ƙauyukanmu saboda 'yan bindiga, muka bar rumbuna cike, muna zaune a ɗakin haya a cikin Katsina, za a zo a ce mana mu yi wa itace jinƙai? Dajin Rugu cike yake da itatuwa, amma daga cikinsa ake fitowa a kashe mu. Sa'an nan waɗanda suka ɓata sararin samaniya da hayaƙin masana'antu su ne Amurka da Turai da Sin, ba tsohuwar da ke hura wuta da kara ba. Paparoman da ya rubuta littafin nan na muhalli a 2016 a Roma ya yi zamansa, bai taɓa kwana a Batsari ba.

Istifanus_Lauya

Ɗan'uwa, Allah ya mayar da ku gidajenku lafiya, kuma ba zan yi gardama da abin da ka gani da idonka ba. Gyara kaɗan: wasiƙar Laudato Si' ta Paparoma Francis a kan muhalli, wadda kake nufi, a 2015 ta fito, ranar 24 ga Mayu aka sa mata hannu, saƙon 2016 da Baba Katikis ya ambata daban ne. Abin da zai ba ka mamaki shi ne ƙorafinka yana cikinta. Ta ce akwai bashin muhalli da ƙasashen arewacin duniya masu arziki ya kamata su biya ƙasashen kudu, domin su ne suka fi cin amfanin albarkatun ƙasa, talakawa kuma suka fi shan wahalar sakamakon. A sakin layi na 49 ta ce dole a saurari kukan ƙasa da kukan talaka tare. Ba ta ce talaka ya daina girki ba.

Baba_Katikis

Ƙari a kan haka, ɗana na Batsari, gaskiya ne Paparoma Francis bai kwana a garinku ba, amma ka san inda ya fara buɗe ƙofar Shekarar Jinƙai? A Bangui ne, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ranar 29 ga Nuwamba 2015, lokacin da ƙasar take cikin yaƙi, tun kafin ya buɗe ta Roma. Ya kuma shiga masallaci a unguwar Musulmi a wannan tafiya. Saukar da baƙo yana cikin bakwai ɗin da Bitrus ya lissafa, kuma ku da kuka yi gudun hijira ku ne baƙin namu a yau. Idan majami'unmu na cikin gari ba su tambayi inda kuke kwana ba, to mun faɗi a darasin farko kafin a zo na itace.

Malam_Sabo_Daura

Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, malamin makaranta, kuma ina karanta muhawarar nan tun daga farko da sha'awa, don haka ku yi mini izini in sa baki. Abin da Fadanku ya faɗa ba baƙo ba ne a wurinmu. Ya tabbata a hadisi cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ta ci daga ciki, ya zama sadaka a gare shi. Akwai kuma hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ta ba ta abinci ba, da na wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. Na kuma karanta cewa a cikin wasiƙar nan ta 2015 Paparoma ya kawo maganar wani sufi Musulmi, Aliyu al-Khawwas, daga baya kuma a Fabrairun 2019 ya sa hannu tare da Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, a kan takardar 'yan'uwantaka a Abu Dhabi.

Mu nan Daura da Mai'adua da Zango da Baure ba sai an ba mu labarin hamada ba. Lokacin da nake yaro akwai wata gonar kakana da ake kira da sunan kirya saboda yawan kiryar da ke cikinta. Sunan yana nan har yau, amma babu kirya ko ɗaya, duk sun zama gawayi da turame. Yashin da ya biyo baya bai tambayi addinin mai gona ba.

Saratu_Kafur

Malam Sabo, mun gode, Allah ya ƙara zumunci. Ni zan faɗi abin da ba a so a ji, domin idan za mu yi maganar adalci sai mu fara daga cikin gida. Shekara biyu da suka wuce an yi taron dashen itatuwa a harabar wata majami'a da nake zuwa. An yi anko, an ɗauki hotuna, an dasa bedi da mangwaro wajen hamsin a watan Satumba, wato daf da ɗaukewar ruwa. Babu wanda aka ɗora wa ban ruwa, babu shinge. Kafin Kirsimeti awaki sun gama da su, abin da ya rage sai ramuka da ledojin da aka ciro dashen daga ciki suna yawo a fili. Guda uku ne suka tsira, su ma don mai gadi ne ya kewaye su da ƙaya yana zuba musu ruwan wanke-wankensa, kuma wannan mai gadin a lokacin yana bin albashin wata biyu. Ku gaya mini, a cikin labarin nan wa ya yi aikin jinƙai, wa kuma ya ci haƙƙi?

Maman_Rifkatu

Saratu, bakinki ya faɗi gaskiya. Irin wannan taron na je sau biyu, na uku ban je ba.

Manomi_Kaita

Gaisuwa ga kowa. Ni ba mai ilimin littafi ba ne, ɗana ne yake rubuta mini wannan, amma a kan itace ina da abin faɗa. Dashe yana da kyau, sai dai a ƙasarmu yawancinsa mutuwa yake yi, domin saiwarsa ba ta kai ƙasa ba rani yake riskarsa. Na je wurin 'yan'uwan mahaifiyata a ƙasar Maraɗi na ga gonakinsu cike da itatuwa, na tambaye su wa ya dasa musu, suka yi mini dariya suka ce babu wanda ya dasa. Abin da suke yi suna kiransa sassabin zamani. Idan an zo sharar gona, maimakon a sare duk tohon da ya fito daga tsohon kututture a ƙone, sai a duba a zaɓi biyu ko uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa a bar su, a datse sauran, a kuma rage rassan ƙasa. Da yake saiwar tsohuwa ce, ta riga ta yi nisa cikin ƙasa, ba ya bukatar ban ruwa.

Da na dawo na gwada a gonata da kalgo da sabara da aduwa da 'yan gawo da na samu. Shekarar farko maƙwabta suka ce na zama rago, na bar gona da datti. Na ɗaura jan tsumma a jikin kowane toho don masu neman itace su san da mai shi, duk da haka an sare mini wasu da dare. Yanzu shekara shida ke nan, kuma abin da nake datsewa a kowace shekara ya ishi gidana girki na watanni, matata ta daina tafiyar nesa neman itace. Gawo kuwa kowa ya san halinsa: da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa abincin tumaki ne. Geron da ke gindin gawo ya fi na ko'ina a gonar tsawo. Don haka ni ban ga faɗa tsakanin itace da marayu ba, idan mutum yana da gona. Wanda ba shi da ita, wannan wata magana ce.

DanBatsari

Na taɓa jin labarin wannan aiki na Maraɗi. Ashe ba wani Fada ne Bature ya kawo shi ba?

Talatu_Nas

A'a, Yaya, ba Fada ba ne, ba ma ɗan Katolika ba ne. Tony Rinaudo ne, masanin aikin gona ɗan Ostareliya da ya yi aiki da mishan ɗin SIM a Maraɗi, ya fara yaɗa hanyar a 1983, kodayake manoma sun san barin toho tun kafin zuwansa. An ƙiyasta cewa hanyar ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar, kuma manoman da suka yi aikin kusan dukkansu Musulmi ne. A kwatanta da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Katsina take cikin jihohi 11 da ya shafa a Najeriya. Ban ce shirin bai yi komai ba, amma abin da Baba na Kaita ya yi da jan tsumma bai ci kuɗin kowa ba.

Ni daga ɓangaren asibiti nake kallon maganar. Duba marar lafiya yana cikin bakwai ɗin, kuma muna yi, amma akwai ciwon da mu ne muke dafa shi da hannunmu. Jaririn da ke goye a bayan uwarsa tana girki da ɗanyen itace ko kashin shanu a rufaffen ɗaki, hayaƙin nan ƙirjinsa yake shiga, kuma irinsu ne suke cika mana gado da ciwon haƙarƙari lokacin hunturu. Ku tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, a yankunan Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Talauci ne ya sa iyaye suka shigo da dutsen gida, ƙasar tsakar gida ta gurɓace, yara masu rarrafe suka kai ta baki. A nan ba za ka iya raba maganar muhalli da ta talauci ba ko da wuƙa. Haka ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018 da ta ci rayuka sama da 40: gidajen da ruwa ya fi kwashewa na waɗanda ke zaune kusa da kogi ne, kuma ba mai hali ne yake gini a nan ba.

Baba_Katikis

Maganar Lauya a kan haƙƙi ta tuna mini da Littafin Firistoci 19:9-10, inda aka umarci mai gona kada ya girbe har gefe, kada kuma ya koma ya tsince abin da ya zuba, ya bar wa matalauci da baƙo. Wannan shi ne kala, kuma kakanninmu, Musulmi da Kirista da Maguzawa, duk sun san shi. Bayan an cire gyaɗa, mata da yara sukan shiga gonar kowa su yi kala, babu mai korarsu, babu kuma mai cewa ya yi musu alheri. A sura 25 ta wannan littafi har ƙasar kanta an ce a bar ta ta huta a shekara ta bakwai. Yau gona ba ta hutawa saboda an rarraba ta gādo har ta zama kamar tabarma, kara ma sayar da shi ake yi, ba a bar wa ƙasa ko dabba ba. Ba na zargin kowa, ni ma nawa karan na sayar bara.

Bitrus_KofarKaura

Na gode wa kowa. Na tambayi maƙwabciyar tawa jiya yadda sana'ar take. Ta ce buhu ɗaya take sarowa daga dillali, ta ƙulla a ledoji, kuma idan ta sayar duka ribar ba ta wuce ta cefanen kwana biyu ba. Ba ta taɓa ganin dajin da ake ƙona gawayin ba. Masu manyan motocin da ke shigowa da shi su ne suke cin moriyar. Game da tambayar Lauya, mijinta yana da gona a ƙauyensu, amma tana hannun ƙannensa, kuma ba a kawo mata ko dami ɗaya ba tun rasuwarsa.

Istifanus_Lauya

To ka ga inda maganar take. Kowace Dayosis, wato yankin da Bishof ɗaya yake kula da shi, tana da hukumar adalci da ci gaba da zaman lafiya, wadda aka fi sani da JDPC, kuma irin wannan aikinta ne. Tun Oktoban 2023 Katsina ta zama Dayosis mai zaman kanta bayan an cire ta daga Sakkwato, da Bishof Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasa mai jin harshenmu, saboda haka ba sai an kai kuka nesa ba. Amma kafin a kai ga ofis, a fara da dattawan dangin mijin da mai unguwarsu, domin shari'a tsakanin 'yan'uwa tana barin tabo a kan yaran. Idan ta yarda, zan iya zama da ita in ji bayani ba tare da ta biya komai ba.

DanBatsari

Wannan na yarda da shi. Amma har yanzu ina nan a kan bakana cewa a jera abubuwa bisa nauyinsu. Rai tukuna, sa'an nan gona, sa'an nan itace. Ranar da na koma gonata lafiya zan ɗaura jan tsumma ɗari.

Maman_Rifkatu

Ni kuma tambayata tana nan ba a amsa ba. Ko an mayar mata da gonar, ni da sauran matan layinmu gobe da safe gawayi za mu saya, idan ba a wurinta ba, a wurin wata. Na ji ana maganar murhun da ke rage cin gawayi, har wata a Zumunta ta ce buhunta yana daɗewa fiye da da, amma ban gan shi da idona ba. Idan akwai wadda take amfani da shi a cikinku, ta gaya mana ko yana ɗaukar babbar tukunyar tuwo, domin mu goma sha ɗaya ne a gida, kuma in ya tabbata sai mu sa shi a adashin wata mai zuwa.

Manomi_Kaita

Bitrus, idan Allah ya sa gonar ta dawo hannunta, ka gaya mata kada ta bari a yi mata shara irin ta da. A watan Afrilu ko farkon Mayu, kafin ruwan shuka, ka kawo babban ɗanta Kaita ranar da ka samu sarari, in zaga da shi gonata in nuna masa tohon da ake bari da wanda ake datsewa. Ya zo da adda mai kaifi, domin dakusasshiya tana farfasa reshe ya ruɓe.